Malamin da Yake Kuskure da Gangan

Na Allah muke, kuma wajensa kowa zai koma. Wannan karon surukina aka kira, mahaifin matata, ya kuwa amsa da hantsi a ɗakinsa da ke unguwar Sabil. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

A nan Jidda in an yi rashi, a kan titi ake jera kujeru, a ja igiyar ƙwayayen lantarki daga wannan bango zuwa wancan. Masu gaisuwa su zo bayan magariba, su zauna shiru, a zagaya da gahawa, su tashi. Haka muka shirya. Ƙanin matata ya samo mai ba da hayar kujeru ya ja mana fitilun, dattawanmu na Sudan suka zauna a sahun gaba da carbinsu. Sai tsoffin ɗaliban marigayin suka fara isowa: Yamalawa, 'yan'uwansu Hadramawa, 'yan gari, da namu Hausawa, wasu da furfura, wasu da tumbi, wasu har da mota. Kowanne zai miƙa mana hannu, ya yi mana addu'ar samun ladan haƙuri, ya nemi kujera ya zauna, sannan ya ɗaga kai sama. Ban san wanda ya fara ba. Na dai ji wani Bayamale yana cewa mahaɗin wayar can na kusa da taga tsirara yake, wani ya ce masa ba nan matsalar take ba, nauyin da aka ɗora wa waya ɗaya ne ya yi yawa. Kafin a sake zagayowa da gahawa, wasu sun hau kan kujeru, wani ya aro tsani, muryoyi sun tashi, kowa yana rantsuwa cewa shi ne ya ga daidai.

Yayan surukata, wanda shi ne babba a wurin, ya yafito ni da carbi, ya tambaye ni a kunne ko makoki ake yi ko cinikin kifi. Na miƙe zan tsawatar ke nan, sai ga saƙo daga cikin gida ta bakin ƙanin matata. Inna, surukata, ta ce a ƙyale su, tun safe sai yanzu ta ji wani abu da ya yi kama da mijinta. Na koma na zauna, suka warware igiyar gaba ɗaya suka sake ja, mu kuwa muka karɓi sauran gaisuwar a cikin duhu.

Namu masu gaisuwar sun yi ta cewa mutum ne mai haƙuri, mai sanyin hali, bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Na yi ta gyaɗa kai domin wurin ba wurin musu ba ne, amma ba gaskiya ba ne. Ya ɓata wa mutane da yawa rai, kuma ni ne na kan gaba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kada a binne shi sau biyu, sau ɗaya a maƙabarta, sau ɗaya a cikin irin yabon da ake yi wa kowace gawa.

Da ƙafa iyayensa suka taso daga ƙasar Hausa yana goye. Suka yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga, suka ƙetaro teku yana saurayi. A tashar jiragen ruwa ya koyi aikin lantarki, lokacin da yawancin gidajen Jidda fitilar ƙwai suke kunnawa, ruwa kuma a garwa ake kawo shi. Da wuta ta fara shiga unguwanni, aka buɗe wata makarantar koyon sana'a a unguwar Bagdadiyya saboda magidanta masu aikin rana, irin su leburori da direbobi da masu tsaron shago. Bayan la'asar ake shiga, a tashi da kiran magariba. Ma'ahad muke ce mata. Nan aka ɗauke shi ya koyar da jan waya, kowa yana kiransa Ustaz.

Ba a taɓa ganinsa zaune a aji ba, kuma ba ya kiran sunaye. Yakan ce jiki ne yake amsa na'am, shi kuwa ba jiki ya zo koyarwa ba. Yana da wani babban allo na katako da aka kafa wa makunni da soket da mazaunin ƙwai, wayoyin duka suna bi ta baya. Zai tsaya yana haɗawa yana bayani, fuska a ɗaure, sai ya soka kuskure a tsakiyar aikin ya wuce abinsa kamar babu abin da ya faru. Idan wani ya ɗaga murya ya ce "Galaɗ, ya Ustaz", wato ya yi kuskure, ba zai yarda nan take ba. Zai juyo ya kafe, ya ce shekarunsa nawa yana wannan aiki, wane ne kai, daga ina ka fito. Sai ɗalibin ya taso ya nuna da yatsa, ya kawo dalili, ya tsaya a kan maganarsa, sannan tsohon zai fashe da dariya ya ɓaro masa goro. Ranar da kuskure ya wuce babu wanda ya tanka kuwa, sai ya ajiye filaya a hankali, ya ce ashe yau shi kaɗai ya zo makaranta, ya ɗauki kekensa ya tafi gida. Da wannan yake gane ko mutane suna tare da shi, kuma ban taɓa jin ya yarda da wani ma'auni ba.

In ɗalibi ya ɗauke ƙafa, ba ya aika masa. Da kansa yake zuwa. Akwai wani Bahadrame mai tsaron shagon shinkafa a unguwar Bab Makka, ubangidansa ya hana shi fita da la'asar. Surukina ya riƙa zuwa shagon bayan an tashi, ya jingine keke, ya baje wayoyinsa a kan buhu, ya maimaita darasin ranar daga farko, masu ciniki suna tsallake ƙafarsa. Bai ce wa mai shagon ko uffan ba, sai dai gaisuwa. Da abin ya ishi mutumin, shi da kansa ya riƙa korar yaron nasa makaranta tun kafin lokaci. Wannan Bahadramen yana cikin waɗanda suka hau kujera ranar makoki.

Da mu Hausawa ya fi zafi. Yamalawa ba su da wuyar baki, tun kafin ya gama kuskuren sun yi caa. Namu kuwa za su gani sarai, su sunkuyar da kai, domin ba a tashe mu da gaya wa mai furfura cewa ya yi ba daidai ba. Yakan ce mu muka fi kowa ido a ajin, kuma mu ne za mu bari ya mutu a gabanmu saboda ladabi. Muna jin maganar a matsayin irin faɗan tsofaffi.

Ni a Gadarif ta Sudan aka haife ni. Na zo aikin hajji na tsaya, na samu wani ɗan kwangila ya zama kafilina, wato mai tsaya mini a wajen hukuma, ina ɗaukar masa siminti. Baffana abokin surukina ne tun a hanya, ta wajensa aka ba ni babbar 'yar gidan. Wanda ya san mu ya san abin da ke tsakanin mutum da uban matarsa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ko ruwa ban sha ba. In na hango shi a layi sai in faɗa lungu, in kuwa babu lungu in tuɓe takalma tun daga nesa in tsuguna. Ban san launin idonsa ba. Shi ma bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce mai gidan yarinyar nan. Haka muke zaune lafiya, kowa yana ganin girman kowa.

Sai kafilina ya kira ni wata rana ya ce leburori sun yi masa yawa, masu sana'a yake nema. Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, za ta ƙare bayan aikin hajji, kuma ba zai sabunta ba sai na kawo masa shahadar aikin lantarki. In babu, to jirgin Port Sudan yana nan. Matata tana da ciki na fari a lokacin. A Jidda aka haife ta, ba ta taɓa ganin Sudan ba, Hausar ma rabi da rabi take yi. Na bincika gari kaf, ajin lantarki da mai aikin rana zai iya shiga guda ɗaya ne, kuma kun san wanda yake tsaye a gabansa.

Na zaɓi benci na ƙarshe, bayan wani dogon Bayamale, na ɓuya. Karatun bai ba ni wuya ba, har ni kaina na yi mamaki. Waya biyu ce ke shiga gida, mai zafi wadda ke ɗauke da wutar, da mai sanyi wadda take komawa ta cikinta, kuma duk sirrin aikin shi ne ka san wacce ce wacce a kowane lungu. Ina ganin hannun surukina ya nufi inda bai kamata ba, tun kafin ya ɗaure nake ganewa. Sai in zunguri Bayamalen da gwiwa in raɗa masa, shi ya yi ihu, shi ya ci goro. Mun ɗan jima a haka, har ranar da surukina, ba tare da ya dube ni ba, ya ce dogon nan ya dawo gaba, ya fara yin basirar da ba tasa ba. Aka bar ni a fili, babu wanda zan raɗa wa.

A wannan shekarar aka kawo sabon shugaban makaranta, mudir, wani matashi ɗan Makka da ya yi karatu a Masar. Ba zan zalunce shi ba, mutumin kirki ne, kuma damuwarsa ta gaskiya ce. Mutane suna cika aji a farkon shekara, kafin a raba tsakiya sun zube, waɗanda suka rage ma wasu gyangyaɗi suke zuwa yi. Sai ya riƙa bin azuzuwa yana zama a baya, yana lura da wanda ya yi tambaya, da wanda ya ba da amsa, da wanda ya fita gaban allo. Musharaka yake kiran abin, wato sa baki a cikin darasi. Ya kafa doka cewa wanda ba shi da ita ba zai zauna jarrabawa ba. Shi da surukina sun sha gardama a kan wannan. Surukina yana cewa da zarar mutane sun san ana ƙirga hannu, za su riƙa ɗagawa su tambayi abin da suka riga suka sani. Mudir yana cewa shi ba zai iya tafiyar da makaranta da goro ba. Abu ɗaya ne kawai suka yi ittifaƙi a kansa, shi ne ni.

Mudir ya kira ni ofis. Ya ce aikin hannuna ya fi na kowa tsabta, amma tunda ya zo bai taɓa jin muryata ba, ko bebe ne ni. Na ce a'a. Ya ce to me ya hana. Na rasa yadda zan gaya wa Balarabe, wanda yake cin abinci a tire ɗaya da uban matarsa har su yi raha, cewa harshena ba ya motsi a gaban nawa. Da na daure na faɗa, sai abin ya ƙara lalacewa. Ya ce ashe surukin Ustaz ne ni, to yanzu dole ya sa ido sosai, kada a ce an ba ni shahada ta ƙofar gida. Zai sake shiga ajinmu kafin jarrabawa. In ya fita bai ji ni ba, sunana ya fita.

Matata ta kai kuka wajen mahaifiyarta, Inna kuma ta tare mijinta. Ba na wurin, matata ce ta ji ta bayan labule ta kawo mini. Inna ta ce abin ai mai sauƙi ne, ya je ya gaya wa mudir cewa yaron yana magana, shi ne bai dace da ranar ba. Ya ce ba zai yi ba. Ta ce su da kansu suka nemi mai kunya suka ba shi 'ya, yanzu kuma kunyar ta zama laifi.

"A gidana ado ce," in ji shi. "Amma gobe zai shiga gidan mutane. Ɗan kwangila mai furfura zai ce masa ja siririyar waya ta fi araha, ya sunkuyar da kai ya ce to. In gida ya kama da yara a ciki, kunyar ce za ta zo da ruwa?"

Inna ta ce to 'yarsa za ta ƙetare teku da tsohon ciki. Ya ce in ta kama ta ƙetare. Ranar Inna ba ta kai masa abinci da hannunta ba.

Matata ta dawo ido ya kumbura. "Abuya ba zai canza ba, halas, magana ta ƙare," ta ce, haka take kiran mahaifinta. "Kai ne za ka buɗe baki. Kalma ɗaya bas, wallahi kalma ɗaya kawai." Na ce ita tashin Jidda ce, ba za ta gane ba. Ta ce ita ce kuwa za ta gane, tunda ita za ta haihu a kan jirgi.

Na gwada, Allah Ya sani. A wajen aiki ina ɗauke da buhu ina maimaita tambaya a raina, har in ji ta zauna daidai. In na shiga aji sai in ɗaga hannu ya kai kafaɗa, ya juyo da fuska, hannun ya zarce ya sosa kunne. Alhazai suka fara cika gari, kowane jirgi da ya yi kuka a tasha sai in tuna da na Port Sudan. Zan faɗi gaskiya, a makwannin nan na tsani mutumin nan. Ina ganin da kalma guda zai iya kuɓutar da 'yarsa da jikansa, ya zaɓi taurin kai. Wata Juma'a muka yi kiciɓis a ƙofar masallaci, babu lungun gudu, na tsuguna. Ya tsaya a kaina yana duban sama, ya ce a gaya wa mai gidan yarinyar nan, shi a Bagdadiyya ba shi da 'ya. Na ce wa ƙasa to. Washegari na koma benci na ƙarshe na yi shiru kamar kullum.

Ranar da mudir ya dawo ajinmu, irin ranakun nan ne na Jidda da iska take tsayawa cik, bango yana gumi, riga tana manne wa baya. Ya shigo ya zauna a kusurwa, bai fi taku kaɗan daga inda nake ba. Surukina ya shigo daga alwala, ƙafarsa a jiƙe. Na lura ya bar takalmansa na roba a bakin ƙofa, shi da kullum yake mana faɗa kada mu kusanci waya sai da roba a ƙafa. Ya ce ƙafar allon ta yi sako-sako, na ƙarshen benci ya zo ya riƙe masa. Na taso na zagaya bayan allon na riƙe. Ajin duka suna ganin gaba, ni kaɗai nake ganin baya, inda wayoyin suke.

Ya ce yau darasin makunni ne da ƙwai, abin da ko sabon shiga ya sani. Yana magana yana zuro hannu ta baya yana ɗaurewa, a daidai hancina. Makunni a kan waya mai zafi ake sa shi, don in an kashe wuta ta tsaya a nan. Ina kallo ya ɗauki mai sanyin ya sa a makunni, ya ja mai zafin kai tsaye zuwa mazaunin ƙwai. Bai yi sauri ba, sai da ya tabbatar na gani. Ya jona allon da wutar bango, ya danna makunni, ƙwai ya kama. Ya sake dannawa, ƙwai ya mutu. Ajin suka gyaɗa kai, domin daga gaba babu abin da za ka ce ba daidai ba. Amma wutar tana nan kwance a cikin mazaunin, an dai tare mata hanyar komawa ne kawai.

Na ce a raina zai tsaya a nan, ya ajiye filaya, ya ce shi kaɗai ya zo makaranta. Na riga na haƙura da shahada, na fara tunanin yadda zan gaya wa matata. Sai na ji yana cewa tunda an kashe, yanzu za a iya gyara ƙarfen cikin mazaunin da hannu. Ya warware ƙwan ya miƙa wa na gaba. Ya naɗe hannun riga. Na dubi ƙasa, na ga sawun ƙafarsa a jiƙe a kan siminti. Na ɗaga kai na leƙa ta gefen allon, kuma ranar ce na fara ganin idonsa. Ba ni yake kallo ba, ajin yake kallo yana bayani, yatsansa yana tafiya zuwa ramin a hankali.

Na yi gyaran murya, bai tsaya ba. Na girgiza allon, ya dafe shi da ɗaya hannun ya ci gaba. Yatsan ya kai bakin mazaunin.

"Baba, kar ka taɓa!"

Ban san lokacin da na saki allon na cafke wuyan hannunsa ba. Na fizge shi da ƙarfin mai ɗaukar siminti, har ya yi taga-taga. Namu Hausawa suka sunkuyar da kai, kunyata ta kama su.

"Sake ni," ya ce. "Na kashe."

"Ba ka kashe ba. Ka haɗa ba daidai ba."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce."

Sai ya hau ni da irin faɗan da yake yi wa kowa. Tun ba a haife ni ba yake jan waya, lebura ne zai koya masa aiki, ina dalilina. Ni kuwa tsoro ya riga ya koma fushi. Na juya allon gaba ɗaya bayansa ya fuskanci aji, na bi wayar da yatsa daga bango har mazauni, ina magana da ƙarfi, Hausa da Larabci a cakuɗe. Ya kawo wata hujjar banza, na rushe ta. Ya kawo wata, na ce masa wannan ma ya san ba haka ba ne. Sai da na gama na lura har lokacin hannunsa yana cikin nawa.

Bai yi dariya ba, bai kuma ba ni goro ba. Ya ce in koma in zauna.

Mudir ya taso daga kusurwa yana murmushi, a zatonsa wasa ne aka shirya, an cire wutar daga wani wuri. Ya karɓi sukuddireban gwaji a hannun wani ɗalibi, irin mai 'yar fitila a gindi, ya zura a mazaunin. Fitilar ta kama ja. Na ga murmushin ya bar fuskarsa. Ya dubi ƙafar surukina, ya dubi simintin, ya ce a tashi, darasi ya ƙare.

Abin da suka yi a ofis, masu shara sun ji ta taga. Mudir ya ce ya ji muryar da yake nema, zan zauna jarrabawa. Amma malamin da zai sa ransa a caca a gaban ɗalibai ba zai ci gaba da riƙe aji a ƙarƙashinsa ba, domin gobe wani zai kwaikwaya, kuma ba kullum ake samun mai cafke hannu ba. Surukina bai musa ba. An ce cewa ya yi, da shi ne mudir, abin da zai yi ke nan. Ni ma da na girma a cikin aikin na ga mutumin yana da gaskiya, ko da yake na daɗe ban yafe masa ba.

Na ci jarrabawa, kafilina ya sabunta iƙama, matata ta haihu a ɗakin mahaifiyarta a Sabil. Surukina ya ƙarasa shekarar ya miƙa allonsa. A unguwa labarin da ya zagaya shi ne na ɗaga wa uban matata murya har na kama shi da kokawa, dattawa suka daina amsa gaisuwata na wani lokaci. Inna ba da ni ta yi fushi ba. Da ta ji zancen jiƙaƙƙiyar ƙafa, sai ta shiga ɗaki ta same shi, kuma maƙwabta sun ce ba su taɓa sanin tana da murya haka ba.

Ya kama wani ɗan shago a bakin layi yana gyaran fanka da dutsen guga. Tsoffin ɗalibai suna zuwa su zauna a kan gwangwani su yi ta musu da shi, amma ba aji ba ne, kuma kowa ya san abin da ya rasa. In la'asar ta yi sai ka ga ya miƙe ya dafa keke, ya tuna, ya koma ya zauna. Wannan ya fi komai ci mini rai. Kowace shekara in na karɓo sabuwar iƙama, sai in ji nauyin ajin da ya saya mini ita da shi. Ba mu taɓa tayar da zancen ba. Na koma tuɓe takalmana daga nesa, shi kuma ya koma mai gidan yarinyar nan.

Watannin baya, bayan yanar ido ta fara rufe masa gani, na biya ta shagon na same shi a kan wata fanka. Na tsuguna na gaishe shi, na zauna gefe. Ina kallo ya ɗauki wayar da ba ita ba ya kai inda ba nan ba. Na yi murmushi a raina, na ce tsohon bai daina ba.

"Baba, ka saɓa su."

Ya tsaya. Na jira faɗan, in ji wane ne ni, daga ina na fito. Ya kai fankar kusa da fuskarsa, ya shafa wayoyin da yatsa, ya daɗe a haka.

"Wannan ba gwaji ba ne," ya ce. "Ban gani ba."

Ya turo mini ita ta kan tebur. Na gyara, shi kuma yana sauraren motsin filaya. Ganin ƙofar magana ta buɗe, sai na yi tambayar da na daɗe ina ɗauke da ita. Na ce, Baba, ranar nan a Bagdadiyya, da na yi shiru fa?

"Ban yi tanadin wannan ba," in ji shi. "Na san idonka ya gani. Bakin ne kawai ban taɓa ji ba, kuma ba ni da wani abin da zan saye shi da shi sai hannuna."

Daga ranar bai sake buɗe shagon ba.

Ya Allah, Ka ga bawanka ya zo Maka. Kurakuran da ya yi da gangan, don bayinka ya yi su, Ka sa masa su a mizanin lada. Waɗanda bai gani ba kuma, Ka yafe masa.